DARASIN MAKO: HAƊA WA JARIRI NONON UWA DA MADARAR GWANGWANI



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake haɗa mu a wannan rana ta Juma'a. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan uwa, na san wani zai ga kan darasin nan ya ce, to me ya haɗa sakataren masallaci da zancen goyo? Ga dalili. Kwanakin baya kwamitinmu na jin daɗin jama'a ya je asibiti duba ɗan wani ɗan uwanmu, jariri ɗan wata biyu da 'yan kwanaki. Da yawanmu mun je sunansa, mun ci naman ragon. Muka tarar an ɗaura masa ruwa, ya zube, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Abin da ya faru shi ne, uwar ta koma shagon da take aiki, sai aka fara haɗa masa da madarar gwangwani. Da tsada ta yi yawa, aka rage cokali aka ƙara ruwa don gwangwanin ya kai ƙarshen wata. Ruwan kuma na ɗan garuwa ne, ɗumamawa kawai ake yi, ba tafasawa. Sai gudawa ta kama yaro.

Alhamdu lillahi, an sallamo shi, yana samun sauƙi. Amma uban ya faɗa mini wata magana da ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Wallahi Malam Sakatare ba wanda ya taɓa gaya mana. Ni dai ina sayo madara, na ɗauka na sauke nauyi ke nan." Shi da kansa ya ce a rubuta don wani ya amfana, kada dai a kama suna.

Na zauna da wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya da ke cikin islamiyyar matanmu, ta yi mini bayanin ɓangaren lafiya, Malam Liman kuma ya duba ɓangaren fiƙihu. Don Allah wanda ya karɓi takardar nan kada ya bar ta a shago ko a mota. A kai wa iyali, a karanta tare.

HALIN DA MUKE CIKI A NAN

A gida, Kano ce ko Katsina, Sakkwato ko Zariya, Maradi ko Damagaram, mai jego ba ta zama ita kaɗai. Haihuwar fari ma gidan iyayenta take tafiya, sai ta yi arba'in. Ga uwa, ga gwaggo, ga inna, ga ungozoma. Wata ta dafa ruwan wanka, wata ta dama kunu, wata ta karɓi jariri uwar ta runtsa. Ita aikinta ɗaya, ta ci ta ba da nono.

Nan fa? Ɗaki ɗaya a Mararaba ko Nyanya, ko Kubwa, ko Dutsen Alhaji, ko Suleja. Tsohuwa ta zo suna, ta yi sati biyu ta koma. Maigida ya fita bayan asuba zuwa Kasuwar Wuse, ko Zone 4, ko Banex, ba zai dawo ba sai bayan isha'i saboda cunkoson hanya. Wata matar ita ma tana da aikin ofis, ko koyarwa, ko ɗinki, ko makaranta. Yaro ya yi kuka cikin dare, ba wanda za a tambaya sai maƙwabciya ko waya. Gari na wayewa sai a ce, a sayo madara. To tunda tsofaffin da ke tsare mana wannan ɓangare ba sa kusa, dole mu san abin da kanmu, maza da mata.

ABIN DA ADDINI YA CE

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ita ce ginshiƙin wannan babi. A cikinta aka ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. A cikinta kuma aka ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwa gwargwadon hali, aka hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ko uba saboda ɗansa. Ta nuna yaye kafin lokacin yana halatta idan su biyun sun yarda kuma sun yi shawara, ta kuma halatta a nemi wata mace ta shayar idan an biya ta haƙƙinta. Aya ta 6 a Suratut Ɗalaƙ ma ta taɓo neman wata mai shayarwa idan an kasa daidaitawa. Shi kansa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bayan mahaifiyarsa Amina, Suwaiba ta shayar da shi, sannan Halimatus Sa'adiyya.

Daga nan Malam ya fitar mana da abu uku. Na ɗaya, nono haƙƙin yaro ne, shi ne asali. Na biyu, idan uzuri ya zo, addini bai toshe ƙofa ba, kuma uwar da lalura ta sa ta haɗa da madara ba ta yi zunubi ba, kada a goranta mata. Na uku, shawara ce ta mutum biyu. Ba daidai ba ne miji ya shigo da gwangwani ya ce daga yau wannan za a ba shi, ba daidai ba ne kuma mace ta fara a ɓoye.

YADDA NONO YAKE

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, duk bakinsu ɗaya: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, daga nan a fara abinci ana ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Kun ga ya zo daidai da shekara biyun da aya ta ambata. Amma binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da wata 6 suke samun nono zalla.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: jikin uwa yana yin nono ne daidai da yadda ake cire shi. Yaro ya tsotsa da yawa, ya kawo da yawa. Aka bar shi a cike, jiki ya ɗauka ba a buƙata, sai ya rage. Saboda haka duk shan madara ɗaya da yaro ya yi a madadin nono, saƙo ne aka aika wa jikin uwa cewa a rage. Ga yadda abin yake tafiya a gidaje da yawa: an ba shi madara sau ɗaya da dare, ya yi barci mai tsawo don ta fi nono daɗewa a ciki. Nono ya ɗan ragu. Gobe ya yi kuka, a ce ka gani, ba ya isarsa, a ƙara sau biyu. Kafin wata guda nono ya ɗauke, gida ya koma hannun gwangwani gaba ɗaya, alhali ba haka aka yi niyya ba.

Sai maganar dakashi, wato nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa. A wasu garuruwanmu ana matse shi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa ba yaro ruwa ko madara har farin nono ya zo. Wannan kuskure ne babba. Dakashi shi ne rigakafin farko, yana ɗauke da abubuwan da ke kare yaro daga cututtuka, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan ne, gaskiya, amma cikin jariri a ranar farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da ɗan wani abu a sha guda. Nono mai yawa yakan zo ne a rana ta 3 ko ta 4. Waɗannan kwanaki ne aka fi yin gaggawar sayo madara ba tare da buƙata ba.

"NONON BA YA ISARSA"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace shigo da gwangwani gida. Kuka kaɗai ba hujja ba ne. Jariri yana kuka don zafi, don jiƙa, don ciwon ciki, don yana son a ɗauke shi. Yawan neman nono ma ba hujja ba ne, domin sabon jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, wani lokaci da yamma ya maƙale kamar ba zai saki ba. Ga abin da ake dubawa:

Fitsari. Daga kwana 5 zuwa sama, ya jiƙa kunzugu ko famfas aƙalla sau 6 a kwana ɗaya, fitsarin ba ja ba, ba mai kauri ba.

Nauyi. Jariri yakan ɗan ragu a kwanakin farko, wannan ba komai ba ne, amma wajen sati 2 ya kamata ya koma nauyin da aka haife shi da shi, daga nan ya riƙa hawa. Sikelin asibiti ne zai faɗa, ba ido ba. Duk ranar rigakafi a tabbatar an auna shi an rubuta a kati.

Kama nono. Bakinsa ya buɗe sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa jikin uwar, ana jin yana haɗiya. Idan kan nonon kawai ya kama, uwa za ta ji ciwo, ya tsage, yaro kuma ba zai ƙoshi ba. Sau da yawa matsalar ke nan, kuma ungozomar asibiti za ta gyara ta cikin 'yan mintuna. A nan kusa akwai Babban Asibitin Wuse a Zone 3, akwai kuma ƙananan asibitocin gwamnati a unguwanninmu. Matambayi ba ya ɓata.

YAUSHE AKE HAƊAWA DA MADARA?

Akwai lokutan da buƙatar gaskiya ce. Uwa ta kwanta rashin lafiya mai tsanani, ko tana shan wani magani da likita ya ce ba a shayarwa a kansa. Yaro ba ya ƙara nauyi duk da an gyara kamun nono an ƙara yawan shayarwa. Bakwaini ko ɗan ƙaramin jariri da likita ya rubuta wa ƙari. Wasu tagwaye ko 'yan uku, ko da yake mata da yawa suna riƙe tagwaye da nono zalla. Uwa ta koma aiki, abin da take tatsa ba ya kaiwa. Sai kuma maraya da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, Allah Ya jiƙan matanmu.

A duk waɗannan, a fara da ganin ma'aikacin lafiya kafin a je kanti. Mai kemis da mai shago 'yan uwanmu ne, amma sayarwa suke yi, ba su auna yaronka ba. Uwar da ke ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa, musamman, kada ta haɗa nono da wani abu bisa ra'ayin kanta ko na dangi. Ta bi abin da asibitin da take karɓar magani suka tsara mata.

KAFIN GWANGWANI, A GWADA TATSA

Ga wadda za ta koma aiki, matakin farko shi ne ta san haƙƙinta. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na sati 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki don ta shayar. Ma'aikatan gwamnatin tarayya nasu hutun ya fi haka tsawo, kuma a 2021 gwamnati ta amince wa maza ma'aikata da hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Ɗan uwa, in kana cikin masu wannan hutun, na zaman gida ne da taimakon mai jego, ba na tafiya ƙauye duba gona ba.

Mataki na biyu, ta koyi tatsar nono da hannu, sati biyu kafin ta koma. Ta wanke hannu da sabulu, ta tatsa a kofi mai murfi wanda aka tafasa. Nonon da aka tatsa yana iya zama a ɗaki, a inuwa, har awa 4. A firij mai sanyi sosai yana kai kwana 4, amma wannan ga wanda wutarsa ba ta yankewa ne. Mu da muka san halin wutar unguwanninmu, a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ya fi kwanciyar hankali. In za a ba yaro, a tsoma kofin a ruwan ɗumi. Ba a ɗora shi a wuta.

Ta shayar kafin ta fita, ta tatsa a wurin aiki ko da sau biyu ne, ta shayar da zarar ta dawo, ta shayar cikin dare. Shayarwar dare tana da ƙarfi wajen riƙe nono, kada a ba madara wannan gurbin. Wadda ke da shago ko ɗinki kuma za ta iya tafiya da goyonta, wannan ya fi komai sauƙi.

IDAN YA ZAMA DOLE A HAƊA

In ba likita ne ya ce a fara tun farko ba, a jira nono ya kafu, wajen sati 6 zuwa 8. A fara da sau ɗaya a rana, a lokacin da uwa ba ta nan, a yi kwanaki a haka kafin a ƙara. In aka yanke da yawa lokaci ɗaya nono zai cika ya yi tauri, har ya kai ga ƙurji da zazzaɓi.

Idan uwa tana gida, nono ne farko, ɓangare biyun, sannan a cika da madara in an ce a cika. Duk shan da aka ba shi madara ba ta nan, ita kuma ta tatsa a wannan lokacin, don jiki ya san har yanzu ana so.

A ba shi da ƙaramin kofi, ya fi bulumboti. Kofi ya fi sauƙin wankewa, ba shi da lungun da datti zai maƙale, kuma wasu yaran in suka saba da robar bulumboti mai zuba da kanta sai su ƙi wahalar tsotson nono. A zaunar da shi a cinya kansa a sama, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har madarar ta taɓa leɓe, ya riƙa kurɓa da kansa. Ba ɗura ake yi ba. Kuma kada a taɓa jingina wa jariri bulumboti a bar shi kwance shi kaɗai, zai iya shaƙewa.

A sani kuma, da zarar an rage shayarwa, al'ada na iya dawo wa mace da wuri, ciki kuma na iya shiga alhali goyo bai yi ƙwari ba. Miji da mata su yi wannan maganar tun da wuri.

WACE MADARA, KUMA YAYA AKE HAƊA TA?

Madarar jarirai daban, madarar shayi daban. Ta shayi, ta gari ce ko ta ruwa, ta leda ko ta gwangwani, ba abincin jariri ba ce. Haka nonon shanu ko na akuya, da kindirmo, da koko, da kunu, duk ba na ɗan ƙasa da wata 6 ba ne. A nemi wadda aka rubuta daga haihuwa zuwa wata 6, yawanci da lamba 1 a jiki. Mai lamba 2 ta waɗanda suka wuce wata 6 ce. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewa, a ƙi gwangwanin da ya lotse ko ya yi tsatsa ko aka taɓa buɗe bakinsa. Ba zan kama sunan kamfani ba. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ta hana tallata irin wannan madara ga iyaye, Najeriya ma tana da dokarta tun 1990, NAFDAC ce ke sa ido.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, garin madarar da kansa yana iya ɗauke da ƙwayar cuta ko da sabon gwangwani ne. Shi ya sa ake haɗa ta da ruwa mai zafi sosai. Ga tsarin:

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke kofi ko bulumboti da murfinsa da ruwan zafi da sabulu, sannan a tafasa su, a bar su a rufe cikin tukunyar har lokacin amfani.

2. A tafasa ruwa ya yi ta ɓararraka. Kowane ruwa ne: na famfo, na burtsatse, na leda, na gora, duk sai an tafasa.

3. A bar shi ya ɗan huce, amma kada ya wuce minti 30, domin ana son zafinsa kada ya sauka ƙasa da digiri 70. Na dare, a zuba tafasasshen a filas mai kyau a cika shi a rufe.

4. A fara zuba ruwa daidai ma'aunin da aka rubuta, sannan gari ya biyo.

5. A yi amfani da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a share bakinsa ya yi daidai, ba tozo, ba dannawa. Da yawa cokali 1 ne ga ruwa mililita 30, amma ba duka ba, a karanta jikin gwangwanin. Wanda ba ya karanta Turanci ya kawo mana ofis a karanta masa, ba abin kunya ba ne.

6. A rufe a girgiza, a tsoma gindin a ruwan sanyi har ya huce. A ɗiga a bayan hannu, a ji ɗumi kawai, ba zafi ba.

7. A ba shi nan take. Abin da ya rage, ko wanda ya kai awa 2 da haɗawa, a zubar. Na san da ciwo a wannan tsadar, amma kwana ɗaya a gadon asibiti ya fi shi ciwo.

8. A rufe gwangwani a ajiye a busasshen wuri. In an buɗe, a ƙarar da shi cikin lokacin da aka rubuta, yawanci wata ɗaya.

Kada a rage cokali don gwangwani ya daɗe, yaro zai cika ciki da ruwa ya rame, tamowa ta shiga. Kada a ƙara cokali don ya yi ƙiba, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba. Kada a sa sukari ko koko a ciki. Kuma ba a kwaɓa garin da nonon uwa a madadin ruwa. In akwai tatsattsen nono, a fara ba shi shi, madara ta biyo baya.

LISSAFIN ALJIHU

Wannan na magidanta ne. Yaron da ya dogara da madara kaɗai yana shan gari wajen kilo 20 a wata 6 na farko. In gwangwani mai giram 400 ne, guda 50 ke nan. Yau in an tashi daga masallaci ka shiga kasuwa ka tambayi kuɗin guda ɗaya, ka ninka sau 50, ka ƙara kuɗin gas ko gawayin tafasa ruwa dare da rana, ka ƙara sabulu. Sannan ka tambayi kanka, zan iya riƙe wannan ko da kasuwa ta yi sanyi, ko albashi ya makara? In amsar a'a ce, kada ka bari nono ya ɗauke. Kaɗan daga wannan kuɗin in ka sa shi a wake, ƙwai, kifi, zogale, gyaɗa, kunu da 'ya'yan itace don uwar ta ci ta ƙoshi, ya fi amfani ga su biyun. In kuma lalura ce ta gaske, kamar maraya, kuma abin ya fi ƙarfinka, ka zo ka sami kwamiti a asirce kafin ka fara tsinka madara da ruwa. Don irin wannan ake tara asusun.

TAMBAYOYIN DA AKA YI WA MALAM

Yara biyu da suka sha madarar gwangwani ɗaya sun zama 'yan uwan shayarwa? A'a. Nonon mace ne ke haramta aure. Madarar gwangwani yawancinta daga nonon saniya ake yin ta, ba ta haramta komai.

In maƙwabciya ta shayar da ɗana fa? A mazhabar Malikiyya, nonon mace in ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun shayarwa, ko kaɗan ne, ko da kofi aka ba shi, ya haramta. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce sai sha 5. Mu a nan gidan haya muke, yau kana tare da mutumin Gusau, baɗi ya koma, ba za ku sake haɗuwa ba sai yara sun girma. Saboda haka a sanar da mazajen biyu, a rubuta a ajiye. Ta ɓangaren lafiya kuma, mai shayarwar ta yi gwajin jini tukuna.

Ruwa fa, da wannan zafin na Abuja? Nono kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. In ana zafi a ƙara yawan ba shi nono, uwar ta sha ruwan. Tahniki da dabino ya tabbata a sunna, amma ɗan shafawa ne a ganɗa da hannu mai tsabta, ba ciyarwa ba ce. Addu'a a tofa masa a shafa, ba sai an ɗura masa komai ba. Zuma kuwa, duk da albarkarta, likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara 1 ba, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Mai shayarwa ta fara ba yaro madara don ta samu ta yi azumi? Ba a ɗora mata haka ba. In ta ji tsoron cutuwar yaron, an yi mata rangwame ta sha. A Malikiyya za ta rama, ta kuma ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Mai irin wannan hali ta aiko a tambayi Malam a kan nata yanayin.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

In jariri ya ƙi shan komai, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko gudawa da amai, ko maɗiga ta lotsa, ko fitsari ya ɗauke, ko numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko idanu da tafin hannu sun yi ɗorawa, ko jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa, to asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Ba kemis ba, ba jiƙo ba, ba a bari sai gari ya waye ba. A kan hanya ma a ci gaba da ba shi nono in zai karɓa.

NASIHA TA ƘARSHE GA MAZA

Ɗan uwa, sayo gwangwani ba shi ne ƙarshen aikinka ba. Aikin da gwaggo da inna suke yi a gida, a nan ba mai yi sai kai. Ka ɗebo ruwa, ka tafasa, ka wanke kofi, ka ɗauki yaro bayan isha'i ta samu ta runtsa. Ka raka ta awo ko sau ɗaya ka ji da kunnenka. In Hajiya ta bugo waya daga gida ta ce a ba shi ruwa ko a zubar da dakashi, kai ne za ka yi mata bayani cikin ladabi, kada ka bar matarka tsakanin maganar suruka da maganar asibiti. Kuma kada ka ce mata nononki ba shi da kyau, ko ba ya isa. Damuwa da gajiya suna hana nono zuba, kwanciyar hankali tana sake shi.

Ke kuma 'yar uwa, in lalura ta sa kin haɗa, kada ki ɗauka kin gaza. Ko sau uku kike samun shayarwa a rana, ki riƙe, kowane sha yana da amfaninsa. Wadda nononta ya ragu ma, sau da yawa yana dawowa in aka yawaita sa yaro ana rage madarar a hankali bisa shawarar asibiti.

Mata masu tambaya za su iya samun 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya bayan karatun islamiyya. Maza kuma ofishin sakatare a buɗe yake bayan la'asar.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba waɗanda ba su samu ba masu albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne, a yi mini gyara.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci
Wuse, Abuja